Ra'ayinmu: Gargaɗin Guguwa da Darasin da ke Cikinsa ga Mutanen Bakin Kogi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa, a watan Nuwamba na 1970 wata mahaukaciyar guguwa ta taso daga Tekun Bengal ta afka wa gaɓar ƙasar da ake kira Bangaladash a yau, ta halaka aƙalla mutum 300,000. A watan Afrilu na 1991 wata ta sake zuwa da igiyar ruwa mai tsayin kamar mita 6, ta ci rayuka wajen 138,000. Amma da guguwar Amphan ta doso wannan gaɓa a watan Mayu na 2020, sai aka kwashe fiye da mutum miliyan 2 zuwa mafaka tun kafin ta iso, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 100 ba. Ajali na hannun Allah, amma haƙiƙa akwai sabuban da aka riƙa, kuma ya kamata mu san su.

Irin wannan guguwa tana haɗuwa ne a kan teku idan ruwansa ya yi ɗumi sosai, tururi ya tashi, iska ta shiga kewaye wata cibiya da ake kira ido. Masana suna bibiyarta da tauraron ɗan'adam, su auna ƙarfinta da inda ta nufa, su sanar kwanaki kafin ta sauka. Wannan ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba. Lura ce da alamu, kamar yadda manomi ke duban hadarin gabas ya kwashe shanyarsa. Sai dai na'ura kaɗai ba ta isar da saƙo. Tun 1972 ƙasar ta kafa shirin 'yan sa kai, waɗanda ke bin ƙauyuka da lasifikar hannu da tutoci, ana kuma shela a masallatai, har labari ya kai ga masunci da tsohuwar da ba ta da rediyo.

Mu a Kano ba mu da teku, amma muna zaune a ƙarƙashin manyan madatsun ruwa. Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita ke shayar da gonakin shinkafa da alkama da tumatir na Kura da Bunkure da Garun Malam. Kogin Challawa kuma, wanda aka datse a 1992, yana ratsawa ta gefen Kumbotso. Dattawanmu ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 ba. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, mutane da dama suna barci.

Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana. Tambayarmu ita ce: nawa ne daga cikin wannan bayani yake isa ga mai noman fadama da harshen da yake ji?

Saboda haka muna kira ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ta riƙa sanar da jama'a a fili, cikin Hausa, kafin duk wani sakin ruwa. Hakimai da dagatai su tanadi tudun da za a gudu zuwa gare shi tun kafin watan Agusta. Limamai su karɓi sanarwar su isar da ita bayan salloli. Jama'a kuma su daina gini a kan hanyar ruwa da cika magudanu da shara.

Wanda aka ce ya tashi ya ƙi da sunan tawakkali, to ya tuna cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can, kuma ba mu fi shi dogaro ga Allah ba.

Allah Ya tsare mu daga bala'in ruwa da iska, Ya sanya albarka a daminarmu. Amin.