Ribarka daban, barcinmu daban

Jama'a a yi haƙuri, yau sai na faɗa.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, wuta kuma ba ta zama. Mai shagon ƙanƙara da lemo dole ya tada inji, ban ƙi ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 shi ma yana ji a jikinsa. Amma ka fito da janareta bakin shago, ka juya salansa tana kallon tagar mutane, ka kulle ka tafi gida ka yi barcinka, ka bar mu da ƙara da hayaƙi har asuba? Haba Alhaji! Ina haƙƙin maƙwabtaka?

Ƙarar ma da sauƙi. Hayaƙin nan akwai iskar guba a cikinsa, ba launi ba wari. A zafin nan kowa tagarsa a buɗe, yara kwance a ƙasa. Sau nawa muka ji a ƙasar nan hayaƙin janareta ya kashe iyali guda suna barci?

Masana lafiya sun ce a nisanta shi da ƙofa da taga aƙalla mita 6. Dokar taƙaita ƙara kuwa tana nan tun 2009, amma mu ma'aikata mun san inda irin waɗannan takardu ke kwana: cikin durowa.

Masu unguwa, ku tara masu shaguna. A juya salansa, a matsar da inji, sha biyun dare a kashe. Firizar da ta daskare, in ba a buɗe ba, ƙanƙararta za ta kai safe.

Allah Ya sa mu gyara.