SHARHI: Ciniki da naira, bashi da dala: Darasin da faɗuwar naira ta koya wa manyan kamfanoni

A ranar 14 ga Yuni, 2023, Babban Bankin Najeriya, CBN, ya haɗe kasuwannin canjin kuɗi wuri guda, ya bar kasuwa ta yanke wa naira farashi. Dalar da ake samu a kan wajen naira 460 a farashin gwamnati ta kai naira 900 a ƙarshen shekarar, ta kuma haura 1,500 a Fabrairun 2024.

Da kamfanoni suka fitar da rahotannin kuɗinsu na 2023, sai ga wani abin mamaki: ciniki ya ƙaru, amma riba ta ɓace.

Kuɗin shigar MTN Najeriya ya tashi zuwa kusan naira tiriliyan 2.5, duk da haka kamfanin ya rufe shekarar da asarar naira biliyan 137, bayan canjin kuɗi kaɗai ya cinye masa kimanin biliyan 740. Nestle Najeriya ya yi asarar kusan biliyan 80, Dangote Sugar kuma sama da biliyan 70.

Ciwon ɗaya ne. Dukkansu da naira suke sayar da hajarsu, amma wani babban kaso na abin da ake bin su da dala aka ƙulla shi. MTN na hayar turakun sadarwa bisa yarjejeniyar da aka ɗaure farashinta da dala. Nestle ya ci bashin dala daga uwar kamfaninsa. Dangote Sugar na shigo da ɗanyen sukari daga Brazil. Ƙa'idar lissafi ta tilasta wa kamfani ya sake ƙiyasta irin wannan bashi da sabon farashi, don haka bashin dala miliyan ɗaya da aka rubuta naira miliyan 460 ya koma miliyan 900, ba tare da an ƙara ranto ko sisi ba.

Bankuna kuwa, da yake suna riƙe da kadarorin dala, kakarsu ce ta yanke saƙa. Ribar da suka samu ta kai ga CBN ya hana su raba ta ga masu hannun jari a Satumbar 2023, daga baya gwamnati ta ɗora mata haraji na musamman. Manufa ɗaya, sakamako biyu. Abin da ya raba su shi ne wanda ke bin dala da wanda ake bi.

Shugabannin kamfanonin na da hujjarsu: ruwan bashin dala ya fi na naira sauƙi, kuma dalar ta yi ƙaranci har masu son biya da wuri suka rasa ta. Sai dai tazarar da ke tsakanin farashin gwamnati da na bayan fage ta daɗe tana shelar cewa ranar za ta zo. Tun ran gini, ran zane.

Talakan da ya sayi hannun jarin MTN a kan naira 169 a Disambar 2021 ya ɗanɗana kuɗarsa, domin asarar ta dakatar da rabon riba. Sai a Agustan 2024 kamfanin ya sake zama da IHS, mai turakun, aka rage kason dala a kuɗin haya. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, MTN ya koma cin riba. Ma'ana, masu amfani da waya sun ɗauki wani ɓangare na nauyin.

Saboda haka, kafin mai zuba jari ya yi murna da yawan cinikin kamfani, ya kamata ya tambayi hukumar daraktoci a taron shekara: nawa ne bashin da ke kan kamfanin da kuɗin waje, yaushe wa'adinsa zai cika, kuma daga ina dalar biyansa za ta fito?