RA'AYINMU: Kafin Alhaji ya tura ɗansa karatu Kyuba ko Sifaniya

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bakaloreya ya fito, hirar da ake yi a rumfunan kasuwa tun daga Ɗan Isa zuwa Birnin Ƙonni, daga Gaya zuwa Malanbil, ita ce ina za a kai yaro. Ana ambaton Faransa da Maroko da Aljeriya da Masar, kuma a cikin sunayen da ke fitowa har da Kyuba da Sifaniya, ƙasashen da ke magana da harshen Sifaniyanci. Wannan jarida ba ta ƙin a nemi ilimi ko'ina yake a duniya. Abin da muke cewa 'yan uwanmu 'yan kasuwa shi ne, babu wanda ke loda mota bai san duwan ɗin da za ta bi ba, bai kuma san wanda zai karɓi kayan a can ba. To, ɗa ya fi buhun wake daraja. Kada a sa shi a jirgi sai an san hanyar da kuɗi za su bi su same shi, da kuma ko takardar da zai dawo da ita za ta ci a gida.

Mu fara da Kyuba, don ta daɗe tana karɓar 'ya'yan Afirka. A shekarar 1999 ne gwamnatin Fidel Castro ta buɗe makarantar koyon likitanci da ake kira ELAM a kusa da birnin Havana, domin 'ya'yan talakawan wasu ƙasashe. Wanda ya sami gurbi na kyauta a can ba ya biyan kuɗin makaranta, ana ba shi wurin kwana da abinci da littattafai. Karatun shekara 6 ne, ban da zangon share fage da ake koyon harshe da maimaita darussan kimiyya. Likitocin da Kyuba ke yayewa sun yi suna wajen aikin karkara da rigakafi, wato irin aikin da asibitocin ƙauyukanmu suka fi bukata. Wannan gaskiya ce, ba mu musa ta ba.

Amma ba duk wanda ke karatu a Kyuba ne ke kan kyauta ba, kuma a nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa. Akwai wanda Kyuba ta ɗauki nauyinsa, akwai wanda gwamnatin ƙasarsa ta yi alkawarin biya masa, akwai kuma wanda aljihun ubansa ne zai ɗauki komai. Idan wani dillali ya zo maka da maganar "gurbi", tambayar farko ita ce wane iri ne daga cikin ukun nan, kuma ina takardar da ta nuna haka. A Nijar akwai hukumar ANAB mai kula da tallafin karatun ɗalibai, akwai ma'aikatar ilimi mai zurfi, akwai ofisoshin jakadanci. Gurbin da babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya san da zamansa, mu dai ba mu ga dalilin ba da ko dala ɗaya a kansa ba.

Ko alkawarin gwamnati ma sai an sa ido. A watan Afrilu na 2019, ɗaliban likitanci 'yan Kwango-Brazabil sun yi bore a Havana saboda ƙasarsu ta yi wata 27 ba ta biya su kuɗin tallafi ba, har 'yan sanda suka shiga tsakani, aka mayar da wasunsu gida. Yara ne masu ƙwazo da aka zaɓo, yunwa da rashin abin sayen sabulu suka fitar da su titi. Kyuba ta yau kuma tana cikin matsi. A watan Oktoba na 2024 wutar lantarki ta ɗauke a ƙasar baki ɗaya, ta sake ɗaukewa a Maris na 2025, ga tsadar abinci da ƙarancin magani. Saboda takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba mata tun 1962, bankuna da dama na jin tsoron tura kuɗi can, kuma katin bankin Amurka ba ya aiki a ƙasar. Mu da muka saba kira ɗaya a waya kuɗi su isa Kano ko Lome ko Dubai, kada mu ɗauka haka abin yake da Havana. Babu jirgin da ke tashi daga Yamai ko Kano kai tsaye zuwa can, saboda haka zuwa hutu ko zuwa gaisuwar mutuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Uban da ke son ɗansa ya tafi, ya nemi iyayen wani ɗalibi da ke can yanzu, ya ji daga bakinsu yadda suke aika masa da guzuri.

Sifaniya kuwa lissafinta daban ne, lissafin Turai ne. Kafin a ba da bizar karatu sai an nuna takardar karɓa daga makaranta, da inshorar lafiya, da shaidar cewa akwai kuɗin da za su riƙe ɗalibi kowane wata. Ma'aunin da suke amfani da shi an kai shi Yuro 600 a wata a shekarar 2023. A canjin da ba ya motsi na Sefa 655.957 kan Yuro guda, wannan ya kai kusan jika 394 a wata, wato sama da miliyan 4 da rabi a shekara, ban da kuɗin makaranta da na jirgi. Kuma wannan mafi ƙanƙanta ke nan da doka ta nema. A Madrid ko Barcelona hayar ɗaki kaɗai na iya cinye mafi yawansa. Gaskiya ne tun 2022 doka ta ba ɗalibi izinin aiki har awa 30 a mako, amma yaron da bai iya gaisuwa da harshen mutane ba wa zai ɗauke shi aiki? Sannan bakaloreyarmu ba ta buɗe ƙofar jami'a haka nan. Sai hukumomin can sun tantance ta sun daidaita ta da tasu, kuma fannoni masu farin jini irin su likitanci na neman ƙarin jarrabawa da maki mai yawa.

Maganar harshe ita ce aka fi rainawa. Wanda ya yi lakwal da Faransanci yana da sa'a, don harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne daga Latin, kuma a maƙwabtanmu Benin da Kamaru ɗalibai masu yawa na koyon Sifaniyanci tun a sakandare. Duk da haka, iya cinikin tumatir a kasuwa daban, zama a aji ana bayanin jijiyoyin zuciya da sauri daban. Akwai jarrabawar ƙwarewa da ake kira DELE ta cibiyar Cervantes, wadda ta buɗe reshe a Dakar a 2021. Wata shida na koyon harshe a nan gida, yaro yana cin tuwon uwarsa, ya fi arha nesa ba kusa ba a kan shekarar da zai maimaita aji a can ana biya masa haya da Yuro.

Sai batun dawowa, wanda a ganinmu ya fi duka nauyi. A 1986 shugaba Thomas Sankara na Burkina Faso ya tura yara 600, yawancinsu marayu da 'ya'yan talakawa, su yi karatu a Kyuba. An kashe shi a 1987. Da yaran suka dawo da takardunsu na aikin gona da na lafiya da na injiniya, gwamnatin da ta gaje shi ba ta ba takardun darajar da ta kamata ba, da yawansu suka yi shekaru suna yawo ba aiki. Ilimin yana nan a kansu, hatimi ne ya hana su ci. A ƙasashenmu masu Faransanci akwai hukumar CAMES da ke Wagadugu mai duba daidaiton takardun jami'a, kuma kowace ƙasa na da nata sharuɗɗan. A Najeriya likitan da ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar hukumar MDCN kafin a ba shi lasisin taɓa marar lafiya. Wannan tambaya ana yin ta ne tun yaro bai tafi ba, a rubuce, da sunan makarantar da sunan fannin.

Don haka muna kira ga ma'aikatun ilimi mai zurfi na ƙasashenmu da su riƙa fitar da jerin guraben da suka samu daga waje da jerin makarantun da suka amince da su, a karanta a gidajen rediyon jihohi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, kada abin ya tsaya a jikin allon wani ofis a babban birni. Gwamnatin da ta tura ɗalibi kuma ta biya shi tallafinsa a kan lokaci. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma suna da rawar takawa. Yadda suke tura wakili Kwatano ya bi sawun kwantena, haka za su iya naɗa mutum ɗaya mai ilimin boko a kowace babbar kasuwa, wanda duk takardar gurbin karatu za ta bi ta hannunsa ya kai ta ofishin jakadanci a tabbatar kafin uba ya ƙirga kuɗi.