Sabara da fara suna ɗaya? Laifin hadda ne, ba na yaro ba

Kwanan baya ɗiyata da ke kwaleji a nan Matameye ta dawo gida tana gunaguni. A littafinta sabara ita ce Guiera senegalensis, maɗaci Khaya senegalensis, farar da ke cin gero kuma Oedaleus senegalensis. Ta ce ko dai masu littafin sun yi kuskure ne? Da ta tambaya a aji, amsar da ta samu ita ce: ki haddace kawai.

Ba kuskure ba ne. Tun 1753, lokacin da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya daidaita wannan tsari ga tsirrai, kowane suna kalma biyu ne: ta farko sunan zuri'a, ta biyu laƙabi. "Senegalensis" na nufin "na Senegal", kamar mu ce Abdu Bakano da Binta Bakanuwa. Gari ya haɗa su, ba uwa ɗaya ba.

Wani lokaci ƙwaro kan ari sunan itacen da yake ci. Akwai malam-buɗe-littafin dare mai suna Cirina butyrospermi. Tsutsarsa ganyen kaɗanya take ci, ita ce kuma mutanen Bobo-Dioulasso ke soyawa da damina. Tsohon sunan kaɗanya a kimiyyance Butyrospermum ne. Wanda ya gane haka, sunan kaɗai ya gaya masa inda zai nemi tsutsar.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Kakanninmu sun kira alharinin daji da ake yi wa manyan riguna aiki da shi "tsamiya", da sunan itacen da suka danganta tsutsar da shi.

Don haka, malamai, kada a mayar da darasi karatun aku. Gawo ya cika gonakin Matameye da Kantche. A fita da yara gindinsa, su faɗi sunansa da Hausa tukuna, sannan a ce Faidherbia albida, a bayyana musu "albida" na nufin mai fari-fari. Su dubi reshen da idonsu.

Iyaye, mu ma da namu. Yaron da bai bambance sabara da kalgo ba, Latin ba zai cece shi ba. Zai zubar da na gida, na makaranta kuma ya bi ruwa da zarar an tashi daga jarrabawa.