Jarrabawar Turancin Matuƙa Jirgin Sama: Darasi Ga Makarantunmu

A ranar 27 ga watan Maris na 1977, jirgin kamfanin KLM da na Pan Am suka yi karo a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife, mutane 583 suka rasa rayukansu. A watan Nuwamban 1996 kuma wani jirgin Saudiyya da na Kazakistan suka yi taho-mu-gama a sararin samaniyar Indiya, aka rasa mutane 349. A duka biyun bincike ya nuna cewa rashin fahimtar magana tsakanin matuƙa da jami'an hasumiya yana cikin abubuwan da suka jawo musibar.

Irin waɗannan haɗura ne suka sa Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta kafa ƙa'ida a 2003 cewa duk matuƙi ko jami'in hasumiya da ke hulɗa da jiragen ƙasa da ƙasa sai an jarraba Turancinsa. Ƙa'idar ta fara aiki a watan Maris na 2008, aka kuma ba ƙasashen da ba su shirya ba wa'adi zuwa 2011. Matakai shida aka tsara, kuma ba a yarda mutum ya kama aiki sai ya kai na huɗu. Ana duba furucinsa, da nahawunsa, da yawan kalmominsa, da gudanar harshensa, da fahimtarsa, da yadda yake mayar da amsa. Inda ya fi rauni kuwa shi ne makinsa. Wanda ya tsaya a mataki na huɗu, shawarar hukumar ita ce a sake jarraba shi duk bayan shekara uku.

Abin lura a nan shi ne, da kunne da baki ake cin wannan jarrabawa. Saboda haka duk makarantar da ke horar da ma'aikatan jirgin sama, ciki har da kwalejinmu ta Zariya da aka kafa a 1964, ba ta da zaɓi illa ta sa ɗalibinta ya saurara, ya yi magana, ya nemi a maimaita masa abin da bai ji ba, ya kuma iya bayanin matsalar da ba a rubuta ta a littafi ba. Hausawa sun ce inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha. Jarrabawa ita ce saniyar gaba, malami da ɗalibi bin ta suke yi.

To, ina tamu saniyar ta nufa? A jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da ta NECO akwai takardar da aka ce ta gwajin furuci ce, amma a rubuce ake amsa ta. Yaro zai zaɓi kalmar da sautinta ya yi daidai da na wata, ya ci maki, ba tare da ya buɗe baki ko an kunna masa muryar kowa ba. Malamin Turanci a Kaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ya san da haka, shi ya sa yake cika allo da alamomin sauti da tsofaffin tambayoyi, yara su haddace. Ba ma ɗora masa laifi, domin abin da za a tambayi ɗalibansa shi yake koyarwa, a aji mai cunkoso, a yankin da matsalar 'yan bindiga ta sha rufe makarantu. Sakamakon dai shi ne ɗalibi mai kiredit a Turanci wanda harshensa ke sarƙewa idan aka kira shi ganawar neman aiki.

Maganar ta shafi Zamfara kai tsaye. A 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin filin jirgin sama na Gusau. Filin jirgi kuwa yana buƙatar mutane a hasumiya, da injiniyoyi, da masu hasashen yanayi, da 'yan kwana-kwana. Idan ba a shirya yaran ƙasar Badarawa da sauran sassan jihar ba, za su tsaya a dako da shara, a ɗauko masu manyan ayyukan daga nesa.

Sai dai kada wani ya fake da wannan ya ce maganin shi ne a kori Hausa daga aji, kamar yadda Gwamnatin Tarayya ta soke a 2025 manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa wadda aka amince da ita a 2022. Ita kanta ICAO ba ta nemi kowa ya yi magana kamar Baturen Ingila ba. Buƙatarta a fahimce shi. Matuƙan Faransa da Sin da Rasha da harsunansu suka yi karatu, suka koyi Turanci a matsayin kayan aiki, suna kuma sauka lafiya a filayen duniya. Yaron da ya fahimci lissafi da kimiyya da Hausa ba zai gaza koyon Turancin aiki ba, muddin an ba shi damar yin magana da shi.

A ra'ayin wannan jarida, gyara zai fara ne daga jarrabawa. Tunda WAEC ta fara amfani da kwamfuta a wasu jarrabawarta tun 2024, muna kira gare ta da NECO su shigar da gwajin sauraro na gaskiya, daga bisani kuma na magana. Muna kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Zamfara ta ware maki na magana a jarrabawar kowane zango, ta sake horar da malaman Turanci, ta kuma samar wa makarantu rediyo ko na'urar sauti mai aiki da hasken rana. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda za ta iya zama cibiyar wannan horo ga ƙananan hukumomin uku. Haka nan ya kamata gwamnatin jihar ta ɗauki nauyin haziƙan matasa zuwa Zariya tun yanzu, kada guraben aikin filin jirgin Gusau su wuce su. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.