'YANCI KO MAKAUNIYAR BIYAYYA? DARASI DAGA DANDALIN GRATEFUL DEAD



Akwai wata da'awa da masu tallar al'adun Yamma suke yawan nanatawa, wai babu inda ɗan'adam yake ɗanɗanar 'yanci kamar a taron kiɗan rok. Babbar hujjarsu kuwa ita ce ƙungiyar makaɗa ta Grateful Dead, wadda aka kafa a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1965. To, bari mu ɗora wannan da'awa a kan mizani, mu auna ta da tarihin ƙungiyar kanta.

Adalci ya wajabta mana mu fara da abin da suke alfahari da shi. Waɗannan mutane sun yi wasa fiye da sau 2,300 cikin shekara 30, kuma ba sa maimaita wasan jiya a yau. Sukan ɗauko waƙa ɗaya su yi ta jan ta har minti ashirin ko fiye, kowane makaɗi yana ƙirƙirar nasa nan take. Sun kuma yarje wa 'yan kallo su naɗi wasan a kaset su raba wa juna kyauta. Wannan shi ne 'yancin da ake yi mana kirari da shi.

Amma abin tambaya shi ne, ina 'yancin ɗan kallo? Dubban matasa da ake kira Deadheads sun bar karatu da sana'a da iyaye, suna biye da makaɗa daga gari zuwa gari, suna kwana a mota, suna sayar da riguna da abinci, wasu ma da ƙwaya, a filin ajiye motoci don su sami kuɗin tikitin gobe. Ƙwayar LSD kuwa tun asali tana cikin tafiyar, domin Owsley Stanley, mai kula musu da na'urorin sauti, shi ne mashahurin mai haɗa ta a wancan zamani. Wanda ya miƙa hankalinsa ga ƙwaya, ya miƙa ƙafarsa ga jadawalin makaɗa, da me ya rage da zai kira kansa ɗa?

Mafi ban tausayi shi ne makomar madugun tafiyar, mai kaɗa jita Jerry Garcia. An kama shi da miyagun ƙwayoyi a 1985. A 1986 ciwon sukari ya jefa shi cikin doguwar suma ta kwanaki. A 1992 rashin lafiya ta sake kayar da shi har aka soke wasanni. Duk da haka ya koma dandali, domin harkar ta zama babban kasuwanci mai ma'aikata da yawa da ke ci daga gare ta, mabiya kuma sun ɗaukaka shi zuwa matsayin da shi kansa bai nema ba. Kafin shi, abokan kiɗansa biyu sun riga sun tafi: Ron McKernan a 1973 yana ɗan shekara 27, bayan giya ta lalata masa lafiya, sai Brent Mydland a 1990, ƙwaya ta kashe shi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar 2 ga Yulin 1995, a Deer Creek ta jihar Indiyana, waɗanda ba su da tikiti suka karya shinge suka kutsa, aka soke wasan washegari, makaɗan suka rubuta wa mabiyansu wasiƙar gargaɗi. Ranar 9 ga Yuli suka yi wasan ƙarshe a filin Soldier Field na Shikago. Ranar 9 ga Agusta Garcia ya mutu da bugun zuciya a gidan jinyar masu shaye-shaye, yana da shekara 53. A 2015 waɗanda suka rage suka koma wannan fili, kimanin mutum 70,000 suna cika shi kowane dare.

Ya 'yan'uwa, ba mu kawo wannan don dariya ba. Ciwon da ya ci waɗannan mutane sunansa makauniyar biyayya da guluwwi a kan mutum, kuma ciwo ne da ba ya tambayar ƙasa ko tufafi. Duk taron da yake ganin jagoransa yana halaka, ya kasa ce masa ya tsaya don kada shagali ya yanke, to son kansa yake yi, ko da yana rantsuwa da ƙaunar jagora. Mu binciki kanmu da majalisunmu kafin mu nuna wani da yatsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah Ya tsare mana hankulanmu da na 'ya'yanmu, amin.