Martani: Labari Ba Ya Jiran Buhun Kuɗi

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce wasannin kwamfuta da ɗaiɗaikun mutane ke ƙerawa ba su da labari, wai sai manyan kamfanoni masu buhunan daloli ke iya ratsa zuciyar mai wasa. Wannan magana ba ta da tushe balle makama.

Ka taɓa buga Papers, Please? Lucas Pope, wani Ba'amurke, shi kaɗai ya ƙera shi, ya fito a 2013. A ciki kai ne jami'in shige da fice a iyakar wata ƙagaggiyar ƙasa, Arstotzka, a 1982. Albashinka ya dogara da yawan matafiyan da ka tantance, da shi za ka biya haya, abinci da maganin iyali. Sai ga magidanci da cikakkun takardu, matarsa na biye ba ta da izinin shiga. Za ka karya doka ta wuce, ko ka raba ta da mijinta?

A nan hatimin da ke hannunka ne ke rubuta labarin, kuma hanyoyin ƙarewarsa 20 ne. Malam, buga shi tukuna kafin ka yanke hukunci.